Firgici, Ƙin Allura da Rashin Yarda: Abin da Annobobin Baya Suka Koya wa Talata Mafara, Bakura da Maradun



Gabatarwa

Duk lokacin da sabuwar ƙwayar cuta ta ɓulla, akan ga halaye biyu a cikin jama'a: wasu su firgita har su cutar da kansu, wasu su ce ƙarya ce su ƙi allura. Jami'ai sun saba ɗora duka biyun a kan jahilci. Wannan takarda tana da'awar cewa tushensu ɗaya ne, wato rashin yarda da mai kawo labari, kuma ita yarda tun kafin annoba ake gina ta, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda talaka ke auna haɗari

Ranar 2 ga Maris 2021 kashin farko na allurar korona, kusan miliyan huɗu, ya sauka a Abuja. A wannan rana ce kuma aka sako 'yan matan makarantar Jangebe 279 da aka sace a ƙaramar hukumar Talata Mafara. Cikin watan Agusta aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a farkon Satumba aka kwashe ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, sannan aka rufe layukan waya da kasuwannin mako. Manomin da ba ya iya zuwa gonarsa, ɗansa kuma na kwance da zazzaɓin cizon sauro, in ya sa korona a ƙarshen jerin damuwarsa, lissafi ya yi da abin da idonsa ya gani. Mu tuna kuma da sanƙarau na 2016 zuwa 2017, wanda ya faro daga Zamfara ya kashe fiye da mutum dubu a Najeriya. Nau'in "C" ne, allurar da aka yi wa jama'a a baya kuwa ta nau'in "A" ce, don haka babbar matsalar lokacin ita ce ƙarancin allura. Mutanen da ake cewa ba sa son rigakafi su ne suka riƙa nemansa da suka ga gawa a unguwarsu. Illar wannan lissafi ita ce sabuwar ƙwayar cuta takan yaɗu kafin a ga gawar, ke nan dole mutum ya yi aiki da maganar wani. Sai a tambaya: maganar wa?

Inda yarda ta karye

A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200, goma sha ɗaya suka mutu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Da jita-jita ta tashi a 2003 cewa ɗigon shan inna na hana haihuwa, Zamfara na cikin jihohin da suka dakatar da shi, Kano kuwa ba ta koma ba sai a watan Yuli 2004. Zargin bai tabbata ba, kuma an biya farashi mai tsada: cutar ta koma ƙasashe kimanin ashirin da suka riga suka rabu da ita, har Indunisiya. A nan gida ma akwai tabo. Dattawan wannan yanki ba su manta da 1980 ba, lokacin da aka buɗe wa manoma wuta saboda sun nemi diyyar gonakin da madatsar Bakolori ta ci. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani zai ja da baya. Firgici ma daga nan yake fitowa. Da Ebola ta shiga Legas a 2014, saƙon waya ya sa mutane wanka da ruwan gishiri da shansa cikin dare, har aka rasa rayuka a garuruwan da cutar ba ta taɓa isa ba. Wanda bai yarda da hukuma ba, duk wanda ya riga isa kunnensa shi zai bi.

Amsa ga masu ja

Wani zai ce addini ne ya hana. Gaskiya ne a 2017 Gwamna Abdul'aziz Yari, ɗan Talata Mafara, ya danganta sanƙarau da saɓon Allah, Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi II, ya mayar masa da martani cewa a nemo allura. Amma tarihin Musulunci yana gefen rigakafi: Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya kuma nuna wa sahabbai cewa kauce mata ma cikin ƙaddarar Allah yake. Bayan haka, da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya ja sarakunan Arewa cikin yaƙi da shan inna daga 2009, mutanen nan dai, da addininsu, suka buɗe ƙofa, har aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a watan Agusta 2020. Wani kuma zai ce annoba ba ta jiran lallashi, a tilasta kawai. Tilas na iya cika rajista yau, amma gobe uwa za ta ɓoye ɗanta mai zazzaɓi, cutar da aka ɓoye kuwa ita ta fi yaɗuwa.

Kammalawa

Tambayar da magidanta suka daɗe suna yi, me ya sa ake bin su gida-gida da ɗigo kyauta alhali in yaro ya kamu da ƙyanda sai an sayi magani a kemis, tambaya ce ta masu hankali, kuma aiki ne kaɗai zai amsa ta. Asibitin sha-ka-tafi ya kasance akwai ma'aikaci da magani a ranakun da babu annoba. Liman, mai unguwa da unguwarzoma su ji bayani kafin motar allura ta iso, a faɗa musu har zazzaɓi da ciwon hannun da kan biyo baya, kada su ji shi a bakin masu jita-jita. Shugabanni su fara miƙa hannunsu da na 'ya'yansu a bainar jama'a. Matar da aka duba ɗanta da mutunci a damina, ita ce za ta fara fitowa ranar da aka yi shelar sabuwar cuta.