Teburin Mai Shayi da Gasar Manyan Kamfanoni



An nemi mu yi magana a kan yadda ake yi wa mai saye hidima a gidajen shan gahawa, watau kofi, da kuma gasar da ke tsakanin waɗannan gidaje da kamfanonin abincin gaggawa, irin wanda ake miƙa wa mutum a leda kafin ya gama ƙirga kuɗi. Mun san wani zai ce ina ruwan mutumin Roni ko Gwiwa da wannan, alhali kuwa Starbucks da McDonald's, manyan zakarun gasar, ba su da ko reshe guda a Nijeriya. To, a yi mana haƙuri mu fara leƙa Amurka. In mun dawo gida za a ga abin da ya kai mu.

A 1971 aka buɗe kantin Starbucks na farko a birnin Siyatil. Abin da ya ɗaukaka shi daga baya shi ne ya zama wurin zama tsakanin gida da wurin aiki: mutum ya shigo, a haɗa masa gahawa yadda yake so, ya zauna iyakar son ransa. McDonald's kuwa sana'arsa nama da burodi da soyayyen dankali ce, kuma da sauri da araha ya yi suna. Kowa na gonarsa, sai McDonald's ya hango kuɗin da ke cikin karin kumallo. Ya buɗe sashen gahawa mai suna McCafé a Melbon ta ƙasar Ostireliya a 1993, kuma zuwa 2009 ya baza irin wannan gahawa a rassansa na Amurka da farashi mai sauƙi. Shi ma Starbucks ya shiga sayar da abinci mai zafi, ya kawo injuna masu haɗa gahawa da kansu, ya yi ta buɗe rassa.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Howard Schultz, wanda ya gina kamfanin, ya koka a 2007 cewa injunan sun yi tsawo har sun tare fuskar mai haɗi daga mai saye. Da ya koma kan shugabanci a 2008, sai ya sa aka rufe rassa wajen 7,000 na Amurka na 'yan sa'o'i a yammacin 26 ga Fabrairu, domin kurum a sake koya wa ma'aikata haɗa gahawa. A shekarar aka ba da sanarwar rufe rassa 600 a Amurka, aka kuma rufe 61 a Ostireliya, inda mutane suka ƙi barin ƙananan gidajen gahawa na unguwanninsu. Abin bai ƙare nan ba. Sa'ad da Brian Niccol ya karɓi kamfanin a 2024, daga cikin abubuwan da ya sa a gaba har da sallamar mai saye cikin minti huɗu, da kuma ma'aikaci ya ɗauki alƙalami ya yi wa mai saye ɗan rubutu da hannunsa a jikin kofi. Jama'a, ku duba: kamfani mai rassa fiye da 30,000 a duniya yana ba da umarni daga hedkwata domin mai saye ya ji kamar an san shi.

A ƙasarmu ma an taɓa irin wannan. Mr Bigg's, wanda kamfanin UAC ya buɗe a Marina ta Ikko a 1986, asalinsa ɗakunan shan gahawa ne na cikin kantunan Kingsway. Ya bunƙasa har rassansa suka haura 150, sa'an nan Chicken Republic ya zo a 2004, KFC a 2009, Domino's a 2012, aka yi ta zaftare masa kasuwa.

Yanzu mu dawo gida. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura da asuba ya tsaya a tashar Kazaure, ya ga gidan gahawarmu: tebur ɗaya, benci biyu ko uku, tukunya a kan wuta, burodi a jere, gwangwanayen madara an ɗora wani kan wani. Abin da aka rufe rassa 7,000 domin a koyar, mai shayi yana yinsa ba tare da ya san yana da suna ba. Kafin direba ya zauna ya riga ya san haɗin kauri yake sha. Ya san dattijon da likita ya hana wa sukari, ya san mai son citta da kanumfari, ya san ɗalibin da zai ce a ba shi ruwan bunu alhali aljihu ne ya hana shi madara, sai ya ɗiga masa kaɗan bai ce komai ba. Yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ido kuwa na kan wainar ƙwai, kunne na kan gardamar ƙwallo ko ta siyasa da ake yi a benci. Ba ya tashin kowa. Wanda bai sayi komai ba ma yana da wurin zama, in dai ya yi sallama.

Sai kuma babban abin da babu kamfanin da zai yarda ya yi, watau bashi. Malamin firamare a Gwiwa yakan sha har ƙarshen wata, manomi a Roni har kaka, kuma sau da yawa babu abin da aka rubuta. A farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuya, wannan yarda ce ta ci da mutane da yawa, kafin masu shayi su koyi karɓar tiransifa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar, da faɗuwar darajar naira, sukari da madara da fulawa suka tashi, mai shayi ya rasa yadda zai yi: in ya ƙara kuɗi a ce ya yi tsada, in ya rage madara a ce ya ɓata haɗi. Ga shi kuma akwai masu albashi da ke shan nasa bashi wata guda cur, ranar da kuɗi suka shigo sai su hau mota zuwa Kano su biya lakadan a gidan kaza mai sanyin na'ura, su dawo su ce masa ya ƙara haƙuri. Wannan ba halin kirki ba ne, kuma jarin mutum ake ci.

Kada dai a ɗauka mai shayi yana zaune ne yana jiran a zo a ci shi da gasa. Shi ma ya shiga gonar wasu. Tun da aka fara yin Indomie a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, taliya da ƙwai ta hau teburinsa, har yanzu a wurare da yawa ta fi shayin kawo kuɗi da dare. Ke nan abin da Starbucks ya yi da faɗi-tashi, mai shayi ya yi shi da kasko ɗaya. Amma wa aka ƙwace wa ciniki? Mai koko da ƙosai, da mai waina, da mai kunun gyaɗa, waɗanda galibinsu mata ne da ke sana'a daga cikin gida da geron da waken da aka noma a nan. In muka duba teburin da kyau, Lipton ne, da Milo da Bournvita, da Peak da Cowbell, da Nescafé na ƙaramar leda, kowanne na ƙoƙarin ture ɗan'uwansa, har da raba wa masu shayi laima da kyalle masu ɗauke da sunan kaya. Ashe gasar manyan kamfanoni ta daɗe da isowa Babura da Kazaure, ba ta buƙaci gina kanti ba. Ana noman shayi da gahawa a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, inda ake yin Highland Tea, amma ba kasafai ake cin karo da shi a teburan nan ba.

Son da muke yi wa mai shayi ba zai hana mu faɗin inda yake da rauni ba. Bokitin nan ne na ƙarƙashin tebur. Ruwa ɗaya tun asuba, a tsoma kofi a fitar a miƙa wa na gaba, kuma da damina, lokacin da amai da gudawa ke yawo, wannan ba abin wasa ba ne. A nan gidan abinci na zamani ya fi shi nesa ba kusa ba. Haka nan 'yan'uwanmu mata ba sa zama a bencinsa, sai dai su aika yaro da kwano, don haka rabin gari ba nasa ba ne. Kazaure tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya mai sunan Sarki Hussaini Adamu, Babura kuma ta sami jami'ar fasaha ta tarayya a 2021. Inda ɗalibai suka taru, masu jari za su biyo su da kujeru da fanka da wurin cajin waya, kuma ɗaliba za ta iya shiga ta zauna ba wanda zai kalle ta. Ranar da irin wannan wuri ya koyi gaisuwa da sanin mutane, mai shayi zai ji a jikinsa.

Da yawa daga cikin masu sauraronmu za su ƙare a sakatariyar ƙaramar hukuma, wasu a sashen lafiya, wasu a sashen haraji. Abin da aka saba shi ne a tuna da mai shayi ranar karɓar kuɗin rasit, ko ranar da babban baƙo zai wuce a ce ya kwashe teburinsa daga bakin titi. Muna ganin duba-gari zai fi amfani in ya zo da sharaɗi mai sauƙi wanda talaka zai iya cikawa: bokiti biyu, ɗaya da sabulu ɗaya na ɗauraya da ruwan zafi, tun da wuta ba ta mutuwa a wurin, da murfi a kan burodi. Ƙaramar hukuma kuma ta ja famfo zuwa tasha da bakin kasuwa, ta keɓe musu wuri mai rumfa wanda ba za a tashe su ba, sa'an nan a ajiye wa masu koko da ƙosai nasu gefen a rumfar.