Uwargida da Irin Kariya

Yau ba kicin za mu shiga ba, a tsakar gida za mu tsaya, gindin kariya.

Na san 'yan matan yanzu za su ce mece ce kuma kariya? Itaciyar nan ce gajeruwa mai ƙaton gindi kamar tulu, wadda da rani in ganyenta ya kakkaɓe sai ta rufe da fure ja-ja mai haske a tsakiya. Tamu ce, a dajinmu take fitowa, ana kuma samunta har gabashin Afirka da ƙasar Larabawa. A ƙasar Tailan sun mai da ita sana'a, suna fitar da launi iri-iri suna sayar wa duniya. Mu kuwa masu ita, sai ki zaga unguwa ba ki ci karo da ita ba.

Yawancinmu reshe muke yanka mu dasa. Yana kamawa, amma ba ya yin tulun gindin nan kamar wadda aka shuka daga iri. Ga shi kuma ba kullum take ba da irin ba, sau da yawa furen ya kan zube haka nan. To in kika wayi gari kika ga ƙaho biyu sun fito inda fure ya faɗi, kamar na ɗan akuya, kin yi sa'a, kwanson iri ke nan.

Kada ki yi garajen tsinkewa, sai ya yi wata 2 zuwa 3 kafin ya nuna. Ni nan da nake ba ku labari na taɓa yin asararsa. Na yi ta jira, ina leƙawa safe da yamma. Ran da ya fashe ina ɗaki ina fama da yaro ba lafiya, ko da na fito sai ɓawo kawai na tarar yana lilo. Kowace ƙwaya tana da gashi kai da gindi, irin audugar tumfafiya, dama dangi ne, iska kaɗan ta ishe ta. Sai da na yi shekara biyu kafin na sake ganin wani kwanso. Tun daga nan, da zarar ya ƙosa nake naɗe shi da zare sako-sako, ko in ɗaura masa ƙyallen tsohon gidan sauro. In ya soma tsagewa da kansa, sannan ki cire.

Yanzu ki saurara da kyau, nan ne mai muhimmancin. Kariya guba ce. Ruwan jikinta maharba suka riƙa haɗa dafin kibiya da shi, kuma zuciya yake taɓawa. Ki sa leda a hannu kafin ki yanka, kada ki sosa ido, ki wanke hannu da sabulu in kin gama. Ban da wuƙar girki, ban da faifan da kike tankaɗe a kai. Yaro mai rarrafe da akuya, a nesanta su.

Gyaran irin a ɗaki ake yi, a rufe taga, a kashe fanka. Ki shimfiɗa tsohuwar jarida, ki buɗe kwanson a hankali. Ki kama gashin ki murɗe, na kai da na gindi, ƙwayar za ta rage kamar guntun tsinke. Wadda kika ji ta shafal, ba komai a ciki, ki yar. Sauran ki bar su kwana 2 a inuwa su sha iska, sannan ki zuba a kwalin ashana ko ambulan. Leda tana sa shi gumi ya yi fumfuna.

Sai maganar rabo. Wasunmu akwai ɓoyo, a cusa a ƙasan akwati wai sai ɗiya ta yi aure a ba ta. Haba uwargida! Irin kariya ba gero ba ne, in ya yi watanni ƙarfinsa raguwa yake yi, ki shuka ashirin da ƙyar biyu su fito. Kwanso ɗaya yana ba da ƙwaya da yawa, sun fi ƙarfin tsakar gidanki. Ki ƙulla biyar-biyar a takarda, ki aika wa maƙwabciya, da yayarki, da ƙawar da kuke haɗuwa gidan suna. In yaro za ki aika, ki zaɓi mai wayo, ki kuma haɗa da saƙon cewa guba ce. Ki gaya musu gaskiya, furen 'ya ba lalle ya yi launin na uwa sak ba, kada gobe a ce kin yi rowar mai kyan.

Wadda aka kai wa, ta huda gwangwani a ƙasa, ta cika da yashi da ɗan garin gawayi, ta kwantar da ƙwayar a kwance, ta rufe sama-sama, ta yayyafa ruwa. In ba tsananin hunturu ake ba, cikin mako guda za ta ga ɗan kore ya leƙo. Ruwa kaɗan-kaɗan, yawansa ne ke ruɓar da ita.

Nan za mu dakata, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida maigida da yara.