Muruci a Tukunya, Giginya a Gona: Jawabin Kwamitin Gudanarwa a Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya

Iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu, da mazajenmu da suka bar ayyukansu suka zo taya mu murna, sannunku da zuwa. Ma'aji za ta karanto lissafin kuɗi bayan mun gama. Mu namu jawabin a kan bishiya ɗaya yake, wadda da yawa daga cikinmu da ita muke zubin adashe, wato giginya.

Duk mun san yadda take. Doguwa ce, takan wuce mita 20, ga wani kumburi a tsakiyar gangar jikinta idan ta manyanta. Akwai namiji, akwai mace, kuma macen ce kaɗai ke yin 'ya'ya. Idan ɗan giginya ya nuna yakan yi jawur, ya faɗo da kansa, ƙamshinsa ya cika wuri. Yana da nauyi ƙwarai, shi ya sa uwa mai hankali ba ta shimfiɗa wa yaro tabarma a gindinta. Mukan tsotsi namansa mai zare-zare, ko mu jiƙa shi mu matse ruwan mu dama kunu. A ciki kuma akwai ƙwallo, galibi guda uku.

To, a ƙwallon nan kuɗinmu yake. Mu tara shi, mu haƙa rami marar zurfi a ƙasa mai yashi, mu jera, mu rufe, mu bar wa damina sauran aikin. Bayan wasu watanni sai mu tone, ga muruci ya nutsa ƙasa, ya yi ƙiba. A dafa, a ɗaure, a kai kasuwa ko tasha. Yana riƙe ciki, ga ɗan ɗacin nan da masu sonsa ke nema. Mazajenmu ma sun san abin da ake faɗa a kansa, ba sai mun maimaita a gaban yara ba. Ba mu sayi iri ba, ba mu sayi taki ba. Wace sana'a ce ke buƙatar ƙaramin jari irin wannan?

Amma 'yan'uwa, bari mu faɗa wa juna gaskiya. Muruci jaririyar giginya ce. Duk wanda muka tone muka jefa a tukunya, bishiya ce guda da ba za ta tashi ba. A da, abin da mutane ke tsincewa kaɗan ne, sauran ya tsira a daji. Yanzu kowa ya gane akwai kuɗi, tun da asuba ake rige-rigen tsinta, ba a barin ko ɗaya a ƙasa. Ta ɗaya gefen kuma ga masu gatari, domin azarar giginya gara ba ta cinta da sauƙi, kowane magini ita yake nema. Sun fi son namijin saboda ƙarfin itacensa, alhali idan babu namiji a kusa, macen ba za ta yi 'ya'yan kirki ba. Ku dubi gonakinmu da kyau: manya ne tsaye, tsofaffi. Ina 'yan matan? Ina ƙananan da za su gaje su?

Giginya ba zogale ba ce da za a dasa bana a ci baɗi. Takan yi shekaru tana 'yan ganye a ƙasa kafin ma ta fitar da ganga, kuma a wannan lokacin ne awaki da gobarar daji da garma ke kashe ta. Kafin ta fara 'ya'ya, yarinyar da aka haifa ranar shukarta ta girma. Ba ta kuma son a cire ta a sake mata wuri, saboda tun farko ƙasa take nutsawa. Inda aka binne ƙwallon, nan ne gidanta.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A yankin Gaya ta jihar Dosso a Nijar, inda giginya ta cika Dallol Mawri, sai da aka damƙa wa mutanen ƙauyuka kula da dazukan, su ke tsaro, su ke sa ido kan wadda za a sare. Abin da suka iya, mu ma za mu iya a ɗan namu yankin.

Saboda haka kwamiti na kawo shawarwari uku, ku duba ku yanke. Na ɗaya, cikin kowane ƙwallo goma da mace ta tara, ta ware ɗaya, a binne shi a kan iyakar gona ko gefen fadama, a kewaye da ƙaya. Na biyu, mu riƙa haɗa murucinmu muna sayarwa tare, maimakon kowace ta fita ita kaɗai dillali ya karya mata farashi. Na uku, mu tura wakilai wurin mai gari da dattawa, a roƙi kada a sare mace mai 'ya'ya, namiji ma a bar wasu tsaye. Mazajenmu, gonakin a hannunku suke, wannan roƙon da ku muke.

Mun san wata za ta ce, "Ni da zan shuka, yaushe zan ci?" Gaskiyarki, Hajiya. Hausawa sun ce inuwar giginya, na nesa ka sha sanyi, kuma sukan faɗi haka ne don zargin mai kyautata wa bare ya bar na gida. Amma a wannan karon na nesan jikokinmu ne. Giginyoyin da muke tsintar 'ya'yansu yau ma, ba mu muka binne ƙwallonsu ba.

Wadda ta amince, ta ba da sunanta wurin sakatariya kafin a tashi, domin mu san yawan ƙwallon da za mu tanada kafin ruwan farko. Allah ya ƙara mana haɗin kai, ya sa albarka a sana'o'inmu. Ma'aji, bismillah.