Ɗan Wa Ke Shiga Jami'a? Jawabi Ga Iyayen Yara A Sabo, Ibadan

 

Tun 1916 aka kafa wannan unguwa tamu ta Sabo. Jami'ar Ibadan kuwa, ga ta nan kusa da mu, an buɗe ta a 1948. To jama'a, kowa ya duba gidansu, yara nawa suka shiga ƙofarta?

Wani zai ce talauci ne. Akwai shi, ban musa ba. Amma a 1955 gwamnatin Awolowo ta mai da karatun firamare kyauta a Jihar Yamma. Maƙwabtanmu Yarabawa suka kwashi 'ya'yansu suka kai, har manomin kokon da bai san bihim ba. Kakanninmu kuwa, ga kuɗin goro ga na shanu, sai suka ga yaro ya fi amfani wajen ɗaurin huhu. Ban ga laifinsu ba, addinin 'ya'yansu suke jiye wa tsoro. Sai dai fa jikokin waɗancan yara su ne likitocin da muke bin layi wurinsu yau.

Uban da ya yi boko, ko ba shi da ko sisi, ya san hanya. Ya san lokacin sayen fom ɗin JAMB. Ya san tun 2015 a kwamfuta ake yin jarrabawar, yaron da bai taɓa zama gabanta ba ya sha ƙasa tun kafin a fara. Ya san za a nemi takardar shaidar asali, kuma yaron da aka haifa a nan sau da yawa sai an tura shi Kano ko Katsina ko Sakkwato, garin kakan da bai taɓa gani ba. Mai hali zai biya kuɗin mota, ya sa ɗan'uwa ya bi masa takarda a sakatariya. Ɗan mai tsire fa? Kafin a haɗa kuɗin an rufe, shekara ta wuce, shi ke nan sai acaɓa. 'Ya mace kuwa ba a ma maganarta.

Shawarata ita ce, 'yan bokonmu, ko mutum biyar ne, su riƙa zama a ofishin ƙungiya duk ranar Asabar, iyaye su kawo yara da takardunsu tun suna aji biyar na sakandare. Alhazanmu kuma, a ware wani abu don kuɗin motar marayu.