Lissafin Zance: Jawabi Ga Masu Shirin Jarrabawa



Abin da ya tara mu a yau shi ne wani irin lissafi da ke kayar da ƙannenmu kowace shekara a jarrabawar WAEC da ta JAMB, watau tambayar da ake kawowa cikin zance. Yaro ya iya tarawa da ɗebewa, ya haddace sau, amma da zarar an ce masa wani ɗan kasuwa ya sayi buhu ya sayar, sai ya rikice. In kuwa bai sami kiredit a lissafi ba, ƙofar yawancin kwasa-kwasan jami'a ta rufe masa, komai ƙoƙarinsa a sauran darussa.

A ganinmu, tushen wannan matsala fahimtar magana ne. Ana yin tambayar da Turanci, ɗalibi kuwa sai ya tsinci alƙaluman da ke cikinta ya hau aiki, tun bai gane abin da ake nema ba. Alhali lissafi cikin zance ya girmi lissafi da alamomi. Muhammad bin Musa Alhawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabra a Bagadaza wajen shekara ta 820 Miladiyya, da kalmomi ya rubuta shi, kuma babban sashe nasa a kan gado da wasiyya ne. Malamanmu na zaure ma, in za su raba gado, sai sun tantance magada tukuna, sa'an nan su fitar da tumunin takaba da sauran rabo.

Saboda haka muna ba da shawara huɗu. Da fari, a karanta tambaya sau biyu, a mayar da ita cikin Hausa a zuci. Na biyu, a ware abin da ake nema, a sa masa harafi. Na uku, a juya kowace jimla ta zama layi guda na lissafi. Na huɗu, in an sami amsa, a koma da ita cikin labarin a ga ko hankali zai ɗauka.

Ga misali. Ɗan kasuwa ya sayi kaya a kan naira 10,000, ya ƙara kashi 20 cikin 100, da kasuwa ta ƙi kuma ya rage kashi 20 cikin 100. Mai gaggawa zai ce ya koma kan uwar kuɗinsa. Amma ƙarin ya kai farashi 12,000, ragin kuwa daga 12,000 aka yi shi, watau 2,400, saura 9,600. Ashe ya faɗi da naira 400.

Ga wani kuma. Manomi ɗaya yana gama nome gona cikin kwana 6, wani cikin kwana 3. Kwana nawa za su yi in sun haɗu? Wasu sukan tara su raba biyu, su ce huɗu da rabi. To, yaya za a yi mutum biyu su fi mai kwana 3 daɗewa? A rana ɗaya na farko yana nome kashi 1 cikin 6, na biyu kashi 2 cikin 6, jimla rabin gona. Amsa ita ce kwana 2.

Sai batun lokaci. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta mai da jarrabawarta kan kwamfuta baki ɗaya a 2015. Tambayoyi 180 cikin awa 2 na nufin daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Wanda bai saba da waɗannan matakai tun a gida ba, ba zai koye su a zauren jarrabawa ba, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga ƙarshe muna roƙon 'yan wannan ƙungiya, in mun koma garuruwanmu hutu, kowa ya tara yara biyar ko goma na unguwarsu, ya zauna da su da takardun tambayoyin shekarun baya. Kada mu karɓi amsa daga bakin yaro sai ya fara bayyana mana tambayar da Hausa. Ma'aikatan da ke cikinmu su taimaka da kuɗin littattafai da alli.

Allah ya ba ƙannenmu sa'a, amin.