Jawabin Bikin Yaye 'Yan Matan Sakandare a Ketare



'Yan matan da ke zaune a sahun gaba sun yi karatunsu a shekaru masu wuya. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe yara maza sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. An sako yaran cikin mako guda, amma tsoron ya daɗe bai bar gidaje ba. Daga Faskari har Sabuwa makarantu sun yi ta rufewa, kuma idan uba ya tsorata, ɗiya mace ake fara cewa ta zauna gida.

Waɗannan 'yan mata kuwa sun jure, iyayensu ma sun jure.

A yawancin sassan duniya yau mata sun fi maza yawa a jami'o'i. Haka abin yake a Turai da Amurka, haka a Malesiya da Aljeriya da Tunisiya, ƙasashen Musulmi. A Riyad ta Saudiyya akwai Jami'ar Gimbiya Nura, wadda ta mata ce zalla. A Afirka kudu da Sahara ne har yanzu maza ke gaba da rata mai yawa, kuma ratar tun daga sakandare take farawa: yarinya ta gama aji uku, makarantar gaba ta yi nisa, kuɗin jarrabawa ya gagara, sai zancen aure ya taso. Wannan giɓin ne shirin AGILE na Bankin Duniya ya zo cikewa a Katsina, ta hanyar gina azuzuwa da tallafa wa iyaye.

Karatun mace ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata tun ƙarni na 19.

Roƙon wannan taro ga iyaye shi ne a saya wa kowace yarinya fam ɗin JAMB bana. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa na nan, ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ga makarantar ungozoma a Malumfashi. Asibitocinmu na neman ungozoma 'yar gari wadda za ta kwana a garin.

Allah ya sa wa karatunsu albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.