Daga Illela zuwa Kwazazzabon Tapoa

Duk matafiyin da ya tsallaka iyaka daga Illela zuwa Birnin Ƙonni ya miƙa yamma, zai wuce Dogondutsi da Dosso ya isa Yamai. Daga can sai ya gangara kudu ta Say har Gandun Dajin W, wanda aka kafa a 1954, UNESCO kuma ta sanya shi cikin wuraren gadon duniya a 1996.

A bakin gandun, kogin Tapoa ya tsaga duwatsu ya yi kwazazzabo mai zurfi. A da, da rani ake shigarsa a ƙafa, da sanyin safiya, ɗan rakiya yana gaba. Gwaggon biri na leƙowa daga saman dutse, ga sawun giwa a laka kusa da ramukan ruwan da suka rage.

A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun addabi dajin, baƙi sun ɗauke ƙafa, 'yan rakiya da direbobi sun rasa abin yi. Nijar da Binin da Burkina Faso, waɗanda suka haɗu a kan wannan daji, su ke da alhakin haɗa kai su dawo masa da tsaro.